Ma'aunin da ba a gani: ƙarar Auta a wata fada ta Maraɗi

Abin da ya jawo rigimar bai taka kara ya karya ba. Batirin ajiyar caji ne, irin wanda ake jona wa salula idan kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Uban fadarmu, wato majalisar da muke zaman hira da shayi, ɗan kasuwar da ke safarar kaya tsakanin Maraɗi da Jibiya ta hanyar Ɗan Isa, shi ya ajiye shi a kan tabarma a farkon wata cikin bazarar da ta wuce, ya ce na wanda ya fi kowa hawa tsanin matsayi ne a wasan katin waya da samarin fadar suka ɗauka da zafi. Mutum shida ke bugawa, kuma kowa ya san wanda zai ɗauka: ƙanena, autan gidanmu, mai gyaran waya a bakin babbar kasuwa. Da wata ya ƙare sai ga wani abokinsa ɗan kabu-kabu a samansa da mataki biyu, yaron da Auta ya saba kayarwa kusan duk lokacin da suka kara ido da ido a kan tabarmar nan.

Auta bai zargi abokinsa da komai ba. Na'urar da ke haɗa ƴan wasa ya kai ƙara. "Yaya, wallahi wanga abu shiri ne," in ji shi. "Ba a haɗa ni da sa'ana. Da na tashi hawa sai su turo min wanda aka ɗinka don ya ka da ni." Na ɗauka zafin faɗuwa ne, gobe zai huce. Bai huce ba. Mako guda fadar ba ta da wata hira, har mai dafa shayi ya ɗauki ɓangare. Da na ga abin zai taɓa zumunci, sai na roƙi wani ɗan fadar da ke koyar da lissafi a koleji, wanda duk muke kira Mushe, ya shiga tsakani.

Wasan da ƙarar

Ranar da mahaifinmu ya ji ana maganar kati ya ɓata rai, don shi karta ya sani, kuma karta a wurinsa ƙanwar caca ce. Wannan ba daga kwali ɗaya ake raba ta ba. Kowane ɗan wasa tara katinsa yake yi, kowane kati da aikinsa, wani mayaƙi, wani makami, wani garkuwa. Daga abin da ya tara yake zaɓar adadin da aka ƙayyade ya ɗaure dami, abin da samarin ke kira dek, ya shiga fili da shi. Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, shi ya fito da irin wannan wasa a takarda a 1993 da sunan Magic: The Gathering. Daga baya abin ya koma cikin waya da kwamfuta. Hearthstone ya fito a 2014 da dami mai kati 30, Yu-Gi-Oh! Master Duel a Janairun 2022, Marvel Snap a Oktoban 2022 da kati 12 kacal, Pokémon TCG Pocket a Oktoban 2024 da kati 20. Wanda ake bugawa a fadarmu ba zan kama sunansa ba, tunda ƙarar tamu ce ta cikin gida. Ya isa a san cewa kyauta ake shigarsa, ana iya sayen kati da kuɗi, akwai tsanin da kowa ke gani wanda ake mayar da mutane ƙasa duk farkon wata, kuma kamfanin ya rubuta cewa da wani ɓoyayyen maki yake haɗa mutane, ba ya duba damin da mutum ya riƙo.

Wannan rubutun ne Auta ya ce ƙarya ce, kuma yana da hujjojinsa. A tsakiyar watan ya sayi ƙunshin kati na yuro 10. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kuɗin ya kama wajen sefa 6,560, jikka shida da rabi da ƴar ɗoriya, ban da ladan wanda ya saya masa, don ba shi da katin banki. Ga mai canza gilashin waya wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Kwana biyu bayan sayen yana ta ci kamar an buɗe masa ƙofa, a rana ta uku ƙofar ta rufe. A ganinsa an ɗanɗana masa zuma ne don ya koma ya sake saye. Ya ƙara da cewa in ya riƙo damin gaggawa sai a haɗa shi da mai damin haƙuri wanda ke shanye hari, in ya canza zuwa na haƙuri sai ga mai damin haɗi wanda ke tara kati ya gama da mutum a bugu ɗaya. Sannan, abin da ya fi ci masa rai, saura kwana uku wata ya ƙare, yana bakin mataki na gaba, ya faɗi sau bakwai a jere.

Mushe ya fara da na ƙarshen, don shi ya fi sauƙi. Ya raba mu biyu. Ya ba wasu tsabar dala ashirin ya ce su jefa sau 100 su rubuta abin da ya fito, ya ce wa sauran su ƙirƙiro nasu jerin da ka, yadda zai yi kama da na gaske, shi kuma ya tafi alwala. Da ya dawo ya dubi takardun biyu bai yi minti ɗaya ba ya nuna ta gaskiyar. Masu ƙirƙira ba su yarda fuska ɗaya ta fito fiye da sau uku ko huɗu a jere ba, suna ganin za a gane su. Ita kuwa tsabar ba ta jin kunyar kowa, ta jero fuska ɗaya har sau shida. Ya ce lissafin a fili yake: mutumin da damar cinsa rabi da rabi ce, in ya buga wasa 100, yiwuwar ya faɗi sau biyar a jere a wani wuri kashi 81 ce cikin 100, sau shida kashi 55, sau bakwai kusan kashi 32. Auta kuwa yana buga ɗaruruwa a wata. Ga mai buga wasa 300, faɗuwa bakwai a jere ta fi kusa da aukuwa fiye da rashin aukuwa. Da aka tambaye shi ko ya taɓa ci sau bakwai a jere ya ce sau da yawa, amma wannan ai iyawa ce. Fadar ta kwashe da dariya, shi ma sai da ya murmusa.

Abin da ɓoyayyen makin ke yi

Maganar sayen kati ta fi wuya, kuma a nan aka daɗe. Tushen ɓoyayyen maki daga wasan dara na Turawa ya fito. Arpad Elo, malamin kimiyyar fiziya haifaffen Hangari da ya yi aikinsa a Amurka, shi ya tsara hanyar ba kowane ɗan wasa lamba, hukumar darar ta duniya ta karɓe ta a 1970. In ka ci wanda ya fi ka lamba, taka ta hau sosai. In ka ci na ƙasa da kai, ɗan kaɗan za ta motsa. Tazarar lambobin kuma hasashe ce: wanda ya fi abokin karawarsa da maki 100 ana sa ran ya samu kashi 64 cikin 100, da maki 200 kashi 76, da maki 400 kusan kashi 91. Daga baya an samu gyare-gyare irin su Glicko na Mark Glickman da TrueSkill na Microsoft, waɗanda suka ƙara auna yadda na'ura ta tabbata da lambar da ta ba mutum, amma ƙashin bayan ɗaya ne. Idan ka danna neman abokin karawa, na'ura tana duba waɗanda ke jira a wannan daƙiƙar, ta nemo mai lamba kusa da taka. In ta rasa, sai ta riƙa faɗaɗa tazarar da za ta yarda da ita, don kada ka gaji da jira ka fita.

Sakamakon wannan shi ne kowa, gwani da ɗan koyo, ana tura shi zuwa inda zai riƙa cin rabi yana faɗuwa rabi, in ban da ƴan tsirarun da ke can ƙololuwa da waɗanda ke can ƙasa. Ladan ƙwarewa a wannan tsari shi ne a ƙaro maka masu ƙarfi. To, mu koma kan jikka shida da rabi ɗin Auta. Ya sayi kati masu kyau, daminsa ya yi ƙarfi, amma lambarsa tana nan inda take jiya. Don haka kwana biyu yana karawa da waɗanda suka dace da tsohon daminsa, yana lallasa su. Kowace nasara tana ɗaga lambar, har ta kai shi cikin mutanen da su ma suna da waɗannan katin, ko sun fi shi iya sarrafa su. Sai cin ya koma rabi. Ba sai wani ya zauna a wani ofis ya ce a juya wa ɗan Maraɗi baya ba.

Auta ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambayar da har yau nake ganin ita ce mafi nauyi a duk zaman. "To Mushe, in da shiri ne suka yi don in sake saye, mi za ni gani wanda ya bambanta da wanga?" Mushe ya yi shiru, ya kurɓi shayi, ya ce babu. Daga cikin waya ɗaya, tsarin gaskiya da tsarin yaudara fuska ɗaya suke nunawa: ka saya, ka ci, ka dawo rabi.

Kuma ruwa ba ya tsami banza. A Oktoban 2017 hukumar Amurka ta ba kamfanin Activision takardar mallakar wata fasaha da ya nema tun 2015, wadda ta bayyana yadda za a haɗa sabon ɗan wasa da gwani mai riƙe da wani makamin saye, don sabon ya yi sha'awa ya saya, sannan a saka shi cikin wasan da makamin zai yi masa amfani don ya ji daɗin sayen. Kamfanin ya ce bincike ne kawai, bai sa shi cikin wani wasa ba. A wannan shekarar dai masu bincike na kamfanin Electronic Arts da na wasu jami'o'i suka wallafa takarda suna cewa haɗa mutane bisa daidaiton ƙarfi ba lallai shi ne ya fi riƙe su a cikin wasa ba. Suka nuna yadda za a duba sakamakon wasanni uku na ƙarshe na mutum a yi hasashen ko zai gudu, sannan a zaɓa masa abokin karawa bisa wannan. A 2020 wasu ƴan wasa a Kalifoniya sun maka wannan kamfani a kotu suna zargin yana juya wahalar wasa a wasan ƙwallo na FIFA da ƴan uwansa don a sayi ƙunshi, suka janye ƙarar a 2021 bayan an ba su bayanan fasaha an kuma haɗa su da injiniyoyin kamfanin. Duk ɗan da ya taɓa zama a shagon buga FIFA a Maraɗi ya ji ana rantsuwa cewa kwamfuta ce ta hana ƙwallo shiga.

A fagen kati ma akwai hannun na'ura da aka tabbatar. Masu Magic: The Gathering Arena sun faɗa da bakinsu cewa a karawar wasa ɗaya tal na'ura tana jawo hannun farko, wato katin da mutum zai fara wasa da su, fiye da ɗaya a ɓoye, ta karkata ga wanda rabon katinsa ya fi dacewa da damin, don rage wasannin da ke mutuwa tun kafin a fara. A Mayun 2024 kuma ƴan wasan suka gano, ta hanyar karanta saƙonnin kuskure da manhajar ke ajiyewa, cewa a salon da ake kira Brawl kowane kati yana da nauyin da aka ɗora masa, ana tara nauyin dami a yi amfani da shi wajen haɗa karo. Manufar a can ita ce a haɗa mai ƙarfi da mai ƙarfi, wanda ya sha bamban da turo wa mutum maganin daminsa. Amma wanda aka ɓoye wa lambobin har sai da ya tono su da kansa, in ya ƙi yarda da magana ta gaba ba za a ce ya haukace ba.

Kaye da tsabar dala ashirin

Zargi na biyu, na canza dami, shi ne kaɗai za a iya gwadawa daga kan tabarma, kuma Mushe ya tsara gwajin da kyau. Ya sayo kaye, wato littafin rubutu, mai layi ya ja gidaje: rana, lokaci, damin da Auta ya riƙe, damin abokin karawa, wanda ya fara, sakamako, da gida na ƙarshe na ko rezo, wato intanet ɗin waya, ya yanke. Ya sa Auta ya zaɓi dami biyu masu hali daban, na gaggawa da na haƙuri. Sharaɗin shi ne ba Auta zai zaɓi wanda zai shiga da shi ba. Kafin kowane wasa sai ya jefa tsaba, fuskar da ta fito ita ke zaɓa. Dalilin yana da kyau a fahimce shi. Da, Auta yana canza dami ne bayan ya sha kaye, cikin fushi, sau da yawa dare ya yi nisa, lokacin da mutanen da ke jira a fili sun canza. Ga shi kuma in wani dami ya yi yawa a wani mataki, ba shi kaɗai ke komawa ga maganinsa ba, ɗaruruwa ne ke yin wannan tunani a lokaci guda, sai maganin maganin ya fara yawa. Gaba da gabanta. Tsaba ba ta san fushi ba, ba ta san ƙarfe nawa ba. In na'ura tana leƙen dami ta turo maganinsa, to jerin abokan karawar dami na farko zai bambanta da na biyu. In ba ta leƙe, jerin biyu za su yi kama.

Mako uku aka yi ana cika kayen, wasa wajen ɗari biyu. Na yaba wa Auta a nan, don bai ɓoye ko ɗaya ba, har waɗanda ya faɗi da wauta. Da aka baje lissafin, jerin biyu suka fito kusan iri ɗaya. Masu damin haƙuri sun zo masa ko da wane dami ya shiga, haka masu na gaggawa. Ranar da maganinsa ya zo yana tunawa da ita har da launin katin, ranar da shi ne maganin wani kuwa ba ya ƙirga ta cikin sa'a, yana sa ta cikin gwaninta. Cinsa gaba ɗaya ya ɗan haura rabi.

Mushe bai bar mu mun yi guɗa ba. Ya ce wasa 200 babban yatsa kawai zai iya kamawa a kan sikeli. Ga mai damar rabi da rabi, duk abin da ya faɗo tsakanin nasara 86 da 114 cikin 200 abu ne na yau da kullum. In kamfani ya karkatar da sikelin da kashi biyu cikin ɗari kawai, sai an tara wasa wajen 2,500 kafin alamar ta fara fitowa daga cikin hayaniyar sa'a. Abin da kayen ya kashe shi ne maganar Auta yadda ya faɗe ta, cewa duk lokacin da ya canza sai an turo masa maganinsa. Wannan bai faru ba.

Abin da ba mu nema ba shi ya fi fitowa fili. Gidan rezo ya cika da alamomi. A bazara, in kuran ya ɗauke unguwa, intanet ɗin waya yakan yi nauyi ko ya tsinke, agogon wasa kuwa ba ya jira. Juyi ɗaya ya wuce ka ba ka ajiye kati ba, wasan ya tafi, kuma na'ura faɗuwa take rubutawa kamar kowace faɗuwa. Sai kuma lokaci. Yawancin dogayen jerin faɗuwarsa bayan sha biyun dare suke, bayan ya wuni a kan teburin gyara yana ƙura wa ƙananan wayoyi ido. In ya faɗi biyu ba ya ajiyewa, ramuwa yake nema, yana jefa kati kafin ya gama karanta abin da ke gabansa. Da aka nuna masa wannan shafi bai ce komai ba, ya dai juya shi.

Daga nan na fahimci wani abu da ban taɓa tunani ba. Lambar da na'ura ke ba mutum ba ta iyawarsa kaɗai ba ce. Ta mutum ce da wayarsa da rezonsa da barcinsa da aljihunsa, duka a dunƙule. Gwanin da rezo ke kayarwa lambarsa tana sauka ƙasa da ƙarfinsa, sai a riƙa haɗa shi da waɗanda bai kamata ba, ranar da rezo ya tsaya ya yi musu kaca-kaca, su ma su tafi suna cewa shiri ne. Haka gwani marar kuɗi yakan tsinci kansa a lamba ɗaya da mai kuɗi marar gwaninta. A lissafi karon daidai yake, rabi da rabi. Amma wanda ya ga an doke shi da katin da kuɗinsa ya kai cinikinsa na kwana uku ba zai ji a jikinsa cewa an yi masa adalci ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Yadda ɗan kabu-kabu ya wuce

Saura tambayar da ta tara mu. Amsarta ta fito ne da aka karɓi wayar abokin aka duba yawan wasanninsa. Shi a bakin tasha yake wuni yana jiran fasinja, duk ɗan zaman da ya samu sai ya buga. Wasanninsa sun ninka na Auta. Tsani kuwa yana son mai yawan bugawa. A irin waɗannan wasanni akwai matakan da in ka taka su ba ka sake faɗowa ƙasa da su a wannan wata, akwai kuma ƙarin tauraro, wato makin hawa mataki, ga wanda ya ci a jere. Mai cin rabi ma, in ya yi ta bugawa, wata rana sa'a za ta jera masa nasara ta haye da shi, faɗuwar da za ta biyo baya kuma ƙasan matakin ya tare ta. Ga shi, da alama, lambarsa ta ɓoye tana ƙasa da ta Auta, don haka a mataki ɗaya da suna ɗaya, shi da masu sauƙi yake karawa, Auta da masu wuya. Wasu wasannin ma sukan saka ƴan wasan kwamfuta, wato waɗanda na'ura ke bugawa a madadin mutum, cikin fili, musamman ga sababbi da na ƙasa, kuma masu Marvel Snap sun amsa cewa suna da su. Kamfanoni sun san wannan giɓi. Da Hearthstone ya sake tsarin tsaninsa a Afrilun 2020, ya ba mai babbar lamba ninkin taurari a farkon wata, don ko da rabi yake ci a tsakanin gwanaye, kowace nasararsa ta fi nauyi. Gyara ne mai ma'ana, amma bai mayar da tsani ma'aunin da za a raba gardamar mutum biyu da shi ba.

Uban fadarmu, wanda bai taɓa danna wasan ba, shi ya kawo misalin da ya zauna mana. Ya ce a kokowar takobi, gasar ƙasa ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975 kuma Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka, wanda filin kokowar garin nan ke ɗauke da sunansa, ba a raba ƴan kokowa da nauyi. Siriri yana iya faɗawa hannun ƙato, doka ɗaya ce a kan kowa, wanda ya rage a tsaye shi ne sarki. Wannan adalci ne iri guda. Na'urar Auta wani iri take bi, na a nemo wa kowa daidai da shi don kada a yi wa ƙarami kisan mummuƙe ya gudu. Kowanne da amfaninsa, kuma duk wanda ya tuna ranarsa ta farko a wasan ya san wanne ya cece shi. Auta dai yana son na kokowa ranar da yake ƙato, yana son na na'ura ranar da ya haɗu da wanda ya fi shi.

Ni kuwa ga inda na tsaya. Ban ga shaidar cewa an shirya wa ƙanena faɗuwa ba, kuma kayen yana nan ga mai son dubawa. Amma ba zan ce masa ya yi shiru ya yarda ba. A kasuwar hatsi, in kana zargin an lotsa gindin tiya, kana iya ɗaga ta ka juya ka duba, mai hatsi yana kallo. A filin kokowa kowa yana ganin ƙirjin wanda aka fito da shi. A nan kuwa mai auna ka shi ne mai sayar maka da kati, kuma ya rufe ma'aunin a ɗaki. An taɓa tilasta wa kamfanonin buɗe wani sashe: Sin ta wajabta bayyana yiwuwar samun kowane abu a cikin ƙunshin sa'a a 2017, Apple ya sa wannan sharaɗi a ƙarshen shekarar, Google ya biyo a 2019, Beljiyam kuwa a 2018 ta ɗauki ƙunshin da ake saye da kuɗi a matsayin caca, wanda ke nuna mahaifinmu bai yi nisa da gaskiya ba. Duk waɗannan a kan buɗe ƙunshi suka tsaya, ba su taɓo haɗa karo ba. Da za a nuna wa mutum lambarsa da ta abokin karawarsa bayan kowane wasa, a kuma yi wa ɗan wasan kwamfuta alama, da rabin hirar da muka yi mako huɗu muna yi ba ta taso ba. A darar Turawa ta intanet ana nuna lambobin, kuma mutane ba su daina bugawa ba.

Hukuncin fada

Batirin ya zauna a hannun ɗan kabu-kabu. Uban fada ya ce sharaɗin da aka gindaya a farkon wata shi ne hawa tsani, ba a ce wanda ya fi iyawa ba, kuma ba a canza doka bayan an ga wanda ya ci. Auta ya miƙa wa abokinsa hannu. Amma an yarda cewa gasar gaba ba za a sake jingina ta da tsani ba. Ido da ido za a yi a kan tabarma bayan isha'i, wanda ya fara cin uku cikin biyar ya wuce, in rezo ya tsinke a sake wasan, kuma ba a shiga da katin da ɗayan ba shi da hanyar samu sai da kuɗi. Wanda zai kara da wani kuma ƙuri'a za ta fitar, a rubuta sunaye a ƴan takardu a zuba cikin hula, mai shayi ya zaro a gaban kowa.

Daren farko aka zaro, Auta ya fito da Mushe, wanda bai fi wata biyu da fara wasan ba, shi ma don ya gane abin da ake gardama a kai. Auta ya ci na farko da na biyu yana waƙa. A na uku katinsa masu tsada suka taru masa a hannu tun farko ya rasa abin ajiyewa, na huɗu ya yi gaggawa, na biyar Mushe ya zauna kamar mai gyaran jarrabawa ya shanye duk abin da aka jefo masa. Auta ya ajiye wayar a hankali, ya dubi tabarma, ya dubi mai shayi, sannan ya juyo gare ni.

"Yaya, tsaya tukuna. Wai hular wa aka yi ƙuri'ar nan a ciki?"